Tantan da 'Yar Moris

Asabar, 8 ga Mayu, 1965

Ta iso. Ina wanke hannu a ɗakin shan magani na ji ƙasa na rawa. Na fito, sai ga duk mutanen garinmu Ƙarfi a bayan abu ɗaya. Ja ce wur, tayoyin baya sun kai mini kafaɗa, ga hayaƙi na fita ta wani bututu a tsaye. Maigida Enoch can a samanta, ya wani ɗaure fuska kamar ba shi ne ya fita da safe yana neman hularsa ba. Ƙungiyar manoman auduga ce ta samo ta, shi aka koya wa tuƙi a Funtua, a hannunsa za ta zauna. Tarakta sunanta, amma kafin la'asar kowa tantan yake ce mata.

Ni da na ga abubuwa a aikin ungozoma, ban zaci akwai sauran abin da zai sa in saki baki ba. Wallahi na sake shi.

Baba Sanda, mahaifin Maigida, ya zo da sandarsa. Idonsa ya yi rauni, don haka da hannu ya kalle ta. Ya shafa taya, ya zagaya baya, ya tsuguna ya daɗe yana taɓa ƙarafan huɗar. Sai ya cire hula ya ce mata, “Sannu da zuwa.” Samari suka yi dariya. Ni ban iya ba.

Litinin, 10 ga Mayu

To, ga rigima. Gareji ɗaya ne a gidan nan, kuma na 'yar motata Moris ne. Sista Jane ce ta koya mini tuƙi, ta bar mini ita da za ta koma ƙasarsu, don in riƙa zagaya ƙauyuka wurin masu ciki. Motar nan na san halinta fiye da na 'ya'yana. In raɓa ta taɓa wayoyin injinta, ko an yi mata kuka ba za ta tashi ba, sai an tura. Ga damina a bakin ƙofa. Mace na naƙuda, ni ina neman masu turi?

Maigida ya zo yana sosa ƙeya. Wai Baba ya ce ƙarfen noma ba ya kwana a waje. Haka suka gada. Na sani, ai kullum da yamma sai an tattara garma da fartanya an kai ɗakin Baba, ko lauje ba a bari a tsakar gida. Amma wannan fa? Na ce masa, “Sai ka ɗauke ta ka rataye a ɗakin Baba kusa da sauran.” Bai ji daɗi ba. Ni ma bakina ya fi ni sauri.

Laraba, 12 ga Mayu

Na je na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai, raɓa da wayoyi da mata. Na shirya gardama sosai. Ya saurara har na gama, ya ce, “Kin yi gaskiya, 'yata. Ba zan raba matan gari da mota ba.”

Shi ke nan? Na tashi da sauran maganata a ciki. Tantan ta koma gindin ɗorawar bayan gida.

Alhamis, 20 ga Mayu

Ruwa ya jiƙa ƙasa, yau aka shiga Gonar Laka. Na ce zan leƙa kawai in wuce, ban bar wurin ba sai da rana ta take.

A gonar nan Baba ya ci sunan Sarkin Noma, shekarar da ya ɗaure dami dubu na dawa. Ina yarinya na ga gayyar da ake yi mata: samarin unguwanni, makaɗa, mata da tukwanen fura, a yi kwanaki ana abu ɗaya, wasu su koma gida hannu duk kanta. Yau mutum ɗaya a zaune. Ya sauke ƙarafan, ƙasar nan baƙa mai taurin kai ta riƙa juyewa tana kwanciya a jere, tana ƙyalli. Balbelu suka cika bayanta. Ƙamshin ƙasa har cikin maƙogwaro. Tsigar jikina ta tashi. Na tsinci kaina ina cewa “Ya Ubangiji” ba tare da na san me nake roƙo ba.

Ina ta satar kallon Baba. Na zaci zai ji ciwo, abin da ya ba shi suna ga shi ana gamawa kafin a sauke tukunya. Ina! Ya bi bayanta da sanda, yana tsugunawa yana cusa hannu ya ji zurfin huɗar. Hawaye a gemunsa, yana dariya. Na ji yana ce wa Malam Ummaru, maƙwabcinmu, abokinsa tun suna kiwon awaki, “Ummaru, ka ga wanda ya fi ni. Na gode Allah da na gan shi da raina.”

Da aka kashe inji ya ciro ciyawa da hannunsa ya goge mata laka, yadda yake yi wa garmarsa.

Lahadi, 23 ga Mayu

Na fita da sassafe ɗiban ruwa, na yi tuntuɓe da tabarma a gindin ɗorawa. Baba ne. Kwance kusa da tayar tantan, bargonsa sharkaf da raɓa. Ashe tun ranar da na ci gardama a nan yake kwana, kowa a gidan ya sani ban da ni.

Na ce, “Baba, don Allah, mene ne haka?” Ya ce, “Ba ta da ɗaki. To, kada ta rasa mutum.”

A coci ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba.

Talata, 25 ga Mayu

Maigida ya ce shi zai kwana a wurin. Baba ya ce a'a, wannan aikin mai gandu ne, kuma shi bai mutu ba tukuna. Aka kafa mata rumfar zana, ya ce rumfa ta awaki ce, abin da ba shi da ƙofa ba ɗaki ba ne. Ginin sabon ɗaki kuwa sai rani, wa zai busar da tubali yanzu?

Na tambaye shi a hankali ko tsoron wani abu na da yake yi, irin na kafin ya karɓi baftisma. Ya yi dariya har ya sarƙe. Ya ce ba iska ba ne, ba tsafi ba ne. Ubansa ya gaya masa, abin da ya wuni yana haƙa maka abinci ba ka shiga ɗaki ka ja ƙofa ka bar shi. Ya ce shi dai barci ba zai ɗauke shi ba.

Wani gefen zuciyata na cewa dabara ce ta tsofaffi, so ake in gaji in sakar. To, ba a san ni ba, ni Susana.

Alhamis, 27 ga Mayu

An yi ruwa, da asuba aka aiko daga wani ƙauye kan hanyar Bakori. Shafa'atu, haihuwar fari, yaro ya zo a gicciye. Moris ta tashi bugu ɗaya. Uwa da ɗa suna lafiya. Da a waje motar ta kwana fa? To, a gaya mini.

Litinin, 31 ga Mayu

Yana tari. Ba irin na tsufa ba, na san bambancin. Na kai masa magani da ƙarin bargo, ya karɓa ya sa mini albarka. Ko sau ɗaya bai ambaci gareji ba. Da ma zai yi mini faɗa, da na san abin yi.

Malam Ummaru ya zo ya yi ta lallashi, har da zagin wasa irin nasu. Da zai tafi ya tsaya wurina ya ce, “Malama, mutumin nan tun muna yara in ya ce zai tsaya, sai dai a ɗauke shi.”

Jumma'a, 4 ga Yuni

Ruwa da iska kamar za a tsage sama. Rumfar ta tafi. Da gari ya waye Maigida ya same shi zaune a ƙarƙashin tantan, ya rufa wa kujerarta bargonsa, shi kuwa daga shi sai riga. Jiki kamar wuta, numfashi sama-sama, yana riƙe haƙarƙari.

Na buɗe gareji. Moris a bushe ƙayau, ta tashi bugu ɗaya. Na yi gaskiya, ga shi kowa ya gani. Ban taɓa jin ɗacin gaskiya irin na yau ba. Motar ta tashi ne saboda ta kwana a ɗaki, wanda na ɗauko a bayanta kuma saboda haka ne yake mutuwa.

A hanyar asibitin Malumfashi, kansa a cinyar Maigida, abu ɗaya yake ta maimaitawa: “Wa ke wurinta?”

Lahadi, 6 ga Yuni

Ciwon haƙarƙari ne, an fara masa allura. Likita ya ce in zai huta akwai fata. Amma ba ya hutawa. Da yamma ta yi sai ya fara laluben sandarsa, yana neman sauka daga gado. Mutum biyu ke danne shi. Tsohon da bai fi damin kara nauyi ba, daga ina ƙarfin nan yake zuwa? Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa yadda na kalli tantan a Gonar Laka.

Talata, 8 ga Yuni

Jiya na fitar da Moris. Ba wani abu ba ne, yara ne suka dame ni da hawan tantan, wani zai faɗo ya karye a ce ina ungozoma take. Kuma Maigida ya nuna mini yadda zan rufe injin da tamfol, in goge wayoyin da busasshen tsumma da safe. Malam Ummaru ya ce in ta ƙi tashi in buga masa ƙofa ko da wane lokaci, 'ya'yansa maza ba su da aikin da ya fi turi. Na ɗan lokaci ne dai, zuwa rani.

Sai da aka kwance bututun hayaƙin kafin tantan ta shige garejin, ta cika ɗakin dam. Da Maigida ya fita na ga laka a ƙarafan. Ba kyau ƙarfe ya kwana da laka, tsatsa yake yi, kowa ya san wannan. Na ciro ciyawa na goge. Ban san lokacin da na ce mata “Sannu da aiki” ba. Ba wanda ya ji.

Yau da safe Moris ta yi mini gardama, sai da aka tura. Na isa asibiti, Baba ido biyu, ya rame. Ya ji takuna ya juyo. Bai tambaya ba, ni na faɗa.

“Baba, ta kwana a ɗaki.”

“Da ƙofa?”

“Ni na ja ta da hannuna.”

Ya lalubo hannun ya riƙe. Kafin in gyara zama ya yi barci, har da minshari. Nas ta ce in zare hannuna in je in ci abinci. Na ce mata ba na jin yunwa.