Ƙunshin Dada da Ganawar Litinin

Bauchi,
Lahadi, 18 ga Satumba, 1960.

Zuwa ga Addata Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Hamma Yero da yara, ya kuma kawo muku sauƙin ruwan nan na Ikko da kika ce ya hana ku shanya. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Bappa Modibbo ta yi sauƙi, har ya koma zuwa masallaci ba sanda. Dawar gonarmu ta Inkil ta yi kyau bana, shanu kuma suna Zungur wajen makiyayinmu Jalo. Gari ya ɗauki haramar bikin samun mulkin kai, 'yan makaranta sai maci suke kowace safiya, amma ni ko leƙa su ban yi ba, don abin da ke raina ya ishe ni.

Gobe Litinin da ƙarfe tara ne ganawar da na gaya miki, ta ɗaukar nas a asibiti. Mu biyar ne, gurbi biyu. Kin san sharaɗin da Bappa ya kafa tun ranar da ya bar ni na tafi Kano koyon jinya: in aiki ne, a Bauchi, ina kwana a gida. In na rasa wannan, shekara ukun da na yi ta tashi a banza, satifiket ya shiga akwati. Sati biyu ke nan na kasa zaune na kasa tsaye. Farar rigata na goge ta sau uku, ta sha sitaci har tana iya tsayuwa da kanta. Comfort, ƙawata da muka gama tare, kullum sai ta zo ta hau turmi ta ɗaure fuska wai ita ce babbar Sista, Baturiyar da za ta gana da mu, tana jefo mini tambayoyi: minti nawa ake tafasa allura, bugun jini nawa ne na mai lafiya, me zan fara yi in jini ya ɓalle wa mai jego. Duk na iya, Adda. Ko a barci aka tashe ni zan amsa. Ba ta nan matsalar ta ɓullo ba.

Ran Alhamis bayan azahar kakarmu Dada ta aiko kirana. Idonta ya ƙarasa rufewa tun bayan tafiyarki, yanzu da hannu take gane mutum. Na tarar ta sa an daka lalle, ta kwaɓa da kanta, ga tsummoki, ga zungurunta biyu, waɗannan dogayen ƙoren da ake zura hannu a ciki in an yi ƙunshi. Ta ce uwarta ta yi mata ƙunshi ranar da za ta fara karɓar haihuwa, ita kuma ta yi shekara arba'in tana ungozoma, ni da ke duk ita ta yanke mana cibi. Ta ce tun da ƙafa ba za ta kai ta asibiti ba, tana so hannunta ya raka ni. Ki gaya mini, Adda, da wane baki zan ce a'a? Na miƙa mata hannu biyu. Ina zaune har magariba hannuwana a zunguru, tana ta addu'a da Fulatanci, ni kuwa sai tuna dokar makaranta nake: ba zobe, ba awarwaro, ba wani launi a farce.

Lallen kuwa ya kama, kamun da bai taɓa yi mini ba ko a bikinki. Ja wur har wuyan hannu, farata kamar an tsoma a manja. Da Comfort ta gani ran Juma'a sai ta dafe kai, ta ce ta ji an ce Sistar nan hannu take fara dubawa kafin ta dubi takarda, tana juya shi ciki da baya. Ba ta faɗa da mugunta ba, tsoro ta ji mini. Amma kin san halina, in abu ya shiga kaina ba ya fita. Jiya Asabar da hantsi na laɓe a bayan rumbu da lemon tsami da toka da kanwa da dutsen goge kaushi. Da hagu na fara, tun da dama ce ke riƙe dutsen. Na yi ta dirza. Lemo ya ƙare na koma kananzir. Ni da na yi shekara uku ana karanta mini cewa fata ita ce garkuwar jiki, ni ce na zauna ina kankare tawa kamar ƙasan tukunya. Jan bai fita ba, fatar ce ta fita. Bayan hannun ya saluɓe, tsakanin yatsu ya tsage, yana ta tsattsafo da ruwa.

Yau da safe na je gaida Dada, na durƙusa na miƙa mata dama kaɗai. Ta shafa, ta ji daɗi, ta ce in kawo ɗayan. Na ce yana riƙe da mayafi. Ta ce in kawo. Da yatsunta suka sauka a wurin sai ta tsaya cak, ta bi shi a hankali daga wuyan hannu har farce, ta kai hanci ta ji warin kananzir. Ba ta yi faɗa ba, wallahi da ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi ashe abin kunya ta ɗaura mini, ba ta sani ba, in yafe mata. Ita ce take neman gafarata, Adda! Na fito ina kuka, na rasa inda zan sa kaina, shi ne na ɗauko takarda. Ba zan rufe ta ba sai na dawo gobe.

Litinin, bayan la'asar.

Na dawo. Ni ce ta huɗu da aka kira. Sista tana zaune da likita da wani dattijo daga ofishin En'e. Tambayoyin baki duk na amsa, har likita yana gyaɗa kai. Sai Sista ta taso ta ce in miƙo hannu. Na miƙa dama. Ta juya shi, ta duba ƙarƙashin farata, ta ce da Hausarta mai karkata lallen ya yi kyau, wa ya yi mini. Na ce kakata. Ta ce shekararta goma sha ɗaya a Arewa, ta san lalle ba dauɗa ba ne, fentin farce ne ta hana don yana ɓarewa ya faɗa a ciwo, ita dai farce ya zama gajere kuma tsaf. Daga nan ta ce in kwance bandejin da Comfort ta ɗaura mini a hagu. Da ta gani fuskarta ta sauya. Ta tambaya ko ƙuna ce. Na so in ce i, harshena ya ƙi, na gaya mata gaskiya duka, dattijon nan yana sauraro yana girgiza kai. Ta ce na san doka ba sai an gaya mini ba: mai buɗaɗɗen rauni a hannu ba ta taɓa majinyaci, saboda haka gwajin wanke ciwo da ɗaure shi, wanda shi ne rabin ganawar, ba zan yi shi yau ba.

Comfort ta samu gurbi ɗaya, kuma Allah ya sani na taya ta murna, ko da yake ta fi ni kuka. Na biyun an jingine shi kwana goma. Ran Alhamis ta sama, ashirin da tara ga wata, zan koma. In fatar ta haɗe za a gwada ni, in ba ta haɗe ba a ba wata yarinya da ta zo daga Azare, wadda ta ci gwajinta sarai. Ga ni nan sai kallon hannu nake kamar mai jiran tsiron shuka, ina lissafin kwanaki, ga ƙaiƙayi ba damar susa. Haushin kaina nake ji, ba na kowa ba. Ki taya ni da addu'a, ki kuma sa Hamma Yero ya faɗa wa limaminsu.

Da na shigo gida ɗakin Dada na fara zuwa. Ta tambaya wane hannu Baturiya ta karɓa. Na ce na daman, mai lallen. Sai ta ce in kawo na hagun. Ni na wanke shi na sa magani yadda aka koya mini, amma ɗaurin bandeji ba ya yiwuwa da hannu ɗaya, ita ce ta naɗe shi da lalube, ta ƙulla, kuma ƙullin ya fi nawa kyau. Tana gamawa ta ce ta sa an rataye zungurun, ba za ta ƙara yi mini ƙunshi ba sai ranar da na zo na roƙa da bakina.

Ki gaida Hamma Yero, da Sabitu da ƙaramar Yelwa, ki ce innarsu tana kewarsu. Bappa Modibbo da Hamma Bakari suna gaishe ku, Comfort ma ta ce in sa gaisuwarta. Dada ta ce in tambaye ki yaushe za ki kawo mata yaran ta shafa kansu.

Lallen hannun dama zai kai wata biyu kafin ya bar farce. Ko na samu aikin ko ban samu ba, ranar da ya fita ni zan daka wani da kaina, in sauko da zungurun, in je in durƙusa a gabanta in roƙa.

Wassalam. Ni ce ƙanwarki,
Fatu.