Baba da Mai Lema

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti da yara? Na kira ka har na gaji, waya ba ta shiga a wurin aikin dam ɗin nan naku, shi ya sa na ba direbanku wannan takarda.

Jikin Baba da sauƙi. Hannun hagun ya fara riƙe kofi, ƙafar ce har yanzu yake ja. Likita ya ce magani ya yi nasa, saura tafiya kullum a wuri shimfiɗaɗɗe. Titinmu kuwa ka san shi, daga rami sai babur. Sai na tuna da lambun shuke-shuke na jami'a, bayan ɗakin karatun da nake aiki. Akwai hanya a ciki da aka yi don marasa ƙarfi, ba hawa ba gangara, da benci a kowace kwana. Ta ratsa cikin gora, ta haye 'yar gadar katako, ta zagaye tafki ta dawo bakin ƙofa. Kowace bishiya da allon sunanta.

Muna zuwa da safe kafin in shiga ofis. Ba ya so. Ya ce ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa motar asibiti, yau shi ake kaiwa kallon ganye. A bencin farko yake zama ya ce mu koma. Tun rasuwar Mama dai maganarsa ba ta wuce irin wannan.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso, na kuma gode da ƙoƙarinki.

Ki bi umarnin likita, amma kada ki matsa masa. Kamar yadda muka tsayar, Baba zai dawo wurina da zarar an gama gyaran ɗakin ƙasa. An riga an sa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Ke ma kya samu ki huta, ki fuskanci aikinki. Ki fara haɗa masa kaya a hankali.

Wassalam,
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ban fara haɗa kayan ba, ga dalili.

Kwanakin nan Baba yana riga ni shiryawa. Da hannu ɗaya yake goge rigarsa. Ya tambaye ni inda na ajiye turarensa. Idan mun isa lambun sai ya ce, "Ke zauna nan, kin cika sauri," ya wuce shi kaɗai. Na zauna kwana biyu, rannan dai na bi bayansa daga nesa.

Wata dattijuwa ce. Tsohuwar malamar makaranta, an yi mata aiki a gwiwa, mijinta ya rasu da daɗewa. Lema take dogarawa maimakon sanda, don haka Baba yake ce mata Mai Lema. A gadar katako suke haɗuwa. Tana karanta masa sunayen da ke kan alluna, yana cewa duk ƙarya ce, wa zai raɗa wa bishiya sunan da sai an yi numfashi a tsakiyarsa? Na ji tana ce masa, "Direba, ɗaga ƙafar, ba shara aka sa ka ba." Ya ɗaga kuwa. Yanzu yana zagaye tafkin ba tare da ya zauna ba.

Jiya a mota ya ce min, "Auta, aurenta zan yi. Ki gaya wa Injiniya." Na ce ita ta sani? Ya ce ita ta fara kawo zancen.

To, na gaya maka.
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki, ban kuma ji daɗinta ba.

Mutumin da bai gama warkewa ba, wa ya kai shi zancen aure? Wace ce ita, su wane ne danginta, me take nema a wurinsa? Idan ciwon ya dawo, ita da ke dogara lema ce za ta ɗaga shi? Kuma hoton Mama yana nan a falo, ko kin manta?

Na aike ki ki kai shi motsa ƙafa, kin zauna a benci kina kallo. Daga yau ki daina kai shi lambun. Ya zagaya tsakar gida, ya isa. Zan zo ƙarshen wata in ɗauke shi.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi yadda ka ce. Na ce masa mota ta lalace. Ya dubi motar, ya dube ni. Ka san dai ba a yi wa direba ƙarya da mota.

Sati ya zagayo yana zaune a falo. Tsakar gidan ma bai taka ba. Ranar Litinin na fito wanka na tarar ba ya nan, ba sanda, ba takalmi. Tasi ya tara da kansa. Na same shi a kan gadar katako, rana ta yi sama, rigarsa ta jiƙe da gumi. Shi kaɗai.

Mai gadin ƙofa ne ya ba mu labari. Mai Lema ta yi ta zuwa tana jira a gadar. Ranar Juma'a ɗanta ya zo ya tafi da ita gidansa, a wani gari. Wai ya ji tana tsayawa da wani tsoho a lambu, hankalinsa bai kwanta ba. Ta bar wa mai gadin takarda mai sunan garin da unguwar da lambar gidan, ta ce ko Direba zai tambaya.

Baba ya karɓa, ya ce mu ƙarasa zagayen tunda mun zo. Mun ƙarasa. A bakin tafki ya ce, "Ashe ita ma tana da Injiniya." Daga nan muka kama hanyar gida.

Ƙafar ta koma ja kamar da. Likita ya tambaye ni me ya faru, na ce ya tambaye ka.

Auta

*

Injiniya,

Ina gaishe ka, da matarka, da jikokina. Allah Ya yi maka albarka a kan ɗakin da ka gyara. Ka sa baƙi a ciki.

Ka zo ƙarshen wata kamar yadda ka ce. Ka zo da riga mai kyau. Gidan ɗanta za ka kai ni. Kai da shi kun iya magana iri ɗaya, sai ku zauna ku yi ta. Ni da ita za mu jira a waje.

Mahaifinka