Gatarin Baba Ya Koma Aiki

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigida da yara, ya sanyin Jos? Mu nan da yara lafiya lau.

Kin san tun da ciwon baya ya raba Baba da faskare ya daina hira. To, maigidana ya samo jek ɗin tsohuwar tifa, ya haɗa injin faskare a garejinsa na Sabon Gari, ya yi wa bakin gatarin Baba walda a gaban injin. Jiya Baba ya ja hannun injin, gungumen kirya ya dare gida biyu. Ya shafa gatarin, ya ce, "Ashe ba mu gama ba, abokina."

Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe da Goggo, ki ce mata yayanta ya dawo da surutunsa.

Ƙanwarki,
Ladidi