Rawar Ƙarfe Huɗu

Cikin jirgin ruwa, bayan Mashigin Panama
27 ga Janairu

Zuwa ga Yayata Odile,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya ciwon ƙafar, yana barin ki ki yi barci? Yaya maigidanki Ulysse, har yanzu yana rigima da maƙwabci a kan katanga? Ni dai lafiya ƙalau, sai gwiwar hagu da ke yawan tuna mini cewa na cika saba'in da biyu.

Kin ce in riƙa kiran waya kamar sauran mutane. Haba Yaya! Shekara talatin da ɗaya ina raba wa mutanen Lafayette wasiƙu, cikin ruwa da rana, sannan yanzu in hana wanda ya gaje ni aikin yi? Ki haƙura ki nemo tabaranki.

Yau kwananmu goma sha shida a ruwa, saura biyar mu isa New Orleans. Irin tafiyar da nake so ke nan. Wa yake da mako uku na zaman banza in ba wanda ya yi ritaya ba? A jirgin nan ni yaro ne. Jiya wani dattijo ya ce mini, "Kai samari, miƙo mini sandata." A ƙofar ɗakin cin abinci kekunan tsofaffi ne jere kamar motoci a bakin coci ranar Lahadi. Ƙarfe biyar da rabi an ci abincin dare, kafin tara kowa ya cire haƙoransa ya kwanta.

Na ji har yanzu kina ce wa ƙawayenki wai ƙanenki yawon rawa yake da matan mutane. Don Allah ki gyara zancen. Mu huɗu ne, duk maza marasa aure da suka ajiye aiki. Kamfani ya ba mu ɗaki da abinci, mu kuma kullum ƙarfe huɗu mu sa farar kwat mu shiga zaure mu yi rawa da matan da suka zo su kaɗai, yawancinsu mazansu sun rasu. Doka kuwa da tsauri. Ba zuwa ɗakin kowa, ba karɓar kyauta, babbar kuma ita ce ba a rawa da mace ɗaya sau biyu a jere, don kada wata ta ga an fifita wata. Shekara tara ban taɓa karya ta ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya sabuwar mai kula da nishaɗi, wata yarinya Shonda Pruitt, ta tara mu. Wai daga Maris an daina doguwar tafiya da jirgin nan, za a mai da shi na kwana huɗu, New Orleans zuwa Cozumel a dawo. Ta ce, "Ku ma kun san masu hawa irin wannan. Ɗalibai ne da masu ƙananan yara, ba sa neman wanda zai riƙe musu hannu." Abokan aikina ukun nan an sallame su. Ni kaɗai za a gwada a tafiyar farko. Ta ce in ta ƙirga mutum ashirin a zaure, ko da rana ɗaya ce, za ta iya tsaya mini a ofis. In ba haka ba, shi ke nan.

Ke kin san yadda kika same ni bayan rasuwar matata Jeanette, wata bakwai a kujera ɗaya ina kallon talabijin a kashe. Aikin nan ne ya sa na koma aske gemu. In aka sallame ni kujerar nan ce ke jirana, kuma tsoronta nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Akwai kuma abin da ke cin raina. Kin tuna Madam Hildur Lindqvist da nake ba ki labari, 'yar Duluth, tsohuwar malamar lissafi, mai shekara tamanin da uku? Shekara goma sha ɗaya tana hawan jirgin nan, a ɗaki ɗaya. Irinsu sunan jirgi suke bi, ba sa duba inda za shi ko kwana nawa zai yi. Jiya muna cikin rawa ta ce, "Clovis, na kama ɗakina na Maris, sai ka gyara wannan gwiwar taka." An hana mu faɗa wa fasinja maganar kamfani, sai na yi murmushi na juya ta. Na bar baiwar Allah za ta faɗa cikin ɗalibai a lokacin hutunsu, ban ce mata uffan ba.

Ki gaida Ulysse da yara. Ki sa a zuba wa ɓauren bayan gidana ruwa.

Ƙanenki,
Clovis Arceneaux


Cozumel
14 ga Maris

Yaya Odile,

Ina gaisuwa. Da fatan ƙafa ta yi sauƙi, kowa kuma lafiya. Na gode da miyar da kika ɗura mini ranar tafiya, sai da na lashe cokali. Wannan takardar daga nan zan jefa ta, wataƙila in riga ta isowa.

Yaya, jirgin ne dai, amma ban gane shi ba. Inda kekunan tsofaffi suke tsayawa, yanzu na jarirai ne. A bene na sama lasifika na dukan ƙirji tun hantsi, samari da 'yanmata sun cika wurin wanka har ba a ganin ruwan. Ƙasa kuma yara ne ke tsere a kan hanya, iyaye na bin su da tawul. Ban ce miyagu ba ne, a'a, sai dai kowa sauri yake kamar za a ƙwace masa kwana huɗun. Ina tafe da farar kwat ɗina wani yaro ya ɗaga mini kofi, ya ce, "Baba, ƙaro mana biyu." Na ce masa ni ba mai rabon abin sha ba ne, mai rawa ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai Baba, Allah ya ƙara lafiya." Ban san ko addu'a ce ko ba'a ba, na dai ce amin.

Jiya ƙarfe huɗu na shiga zaure. Makaɗa uku, kujeru ɗari da hamsin, mutum ɗaya. Madam Hildur ce, cikin shuɗiyar rigarta, ta jingine sandarta a tebur. Shonda na tsaye a bakin ƙofa da takardarta. Kunya ta hana ni kallon ko ɗayansu.

Aka sa kiɗan wals, na rawar nan mai taku uku, na je na rusuna na nemi hannunta. Har yanzu ƙafarta ba ta kuskure, ita ce ma ke ƙirga mini ɗaya, biyu, uku a kunne kamar ɗan aji ɗaya. Da kiɗa ya ƙare na raka ta kujera, na koma gefe na tsaya. Makaɗa suka sa na biyu, fili fayau ba kowa. Ta ce, "Clovis, me kake jira?" Na ce doka. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta ce, "Wace ce za ta yi kishin, kujera?" Na ce ni dai haka aka koya mini. Ta yi dariya har da share hawaye, ta ce taurin kaina ya fi na mijinta, shi kuwa sai da likita ya yi fushi kafin ya yarda ba shi da lafiya.

Haka muka yi awa guda, mu yi ɗaya, in tsaya ɗaya. Na san abin dariya ne. Amma Yaya, in na saki dokar nan, me ya rage na aikin? Tsoho ne kawai da farar kwat.

Shonda ta rubuta ɗaya a takardarta. Ba ta yi mini wulaƙanci ba, ta dafa kafaɗata ta ce saura kwana biyu. Madam Hildur kuwa ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba, alhali maƙwabtan ɗakinta samari shida ne. Wannan shirun nata ya fi zagi ciwo. Yau ko gobe dole in roƙe ta gafara.

Ki sa ni a addu'a ranar Lahadi. A gaida kowa.

Naki,
Clovis


New Orleans
16 ga Maris

Yayata Odile,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, ke da Ulysse da jikoki. Mun iso da safen nan. Ina zaune a bakin tasha ina kallon masu sauka, kuma sai na rubuta miki kafin abin ya huce.

Ranar Cozumel, bayan na jefa miki waccan takardar, aka sake komawa mu biyu. Mun yi kiɗan farko, na raka ta, na tsaya. Sai kawai ta ɗauki sandarta ta nufi ƙofa. Na ce shi ke nan, ta gaji da ni. Ashe wasu 'yanmata ta hango su bakwai, dukansu da riguna iri ɗaya, sun rako ƙawarsu da za ta yi aure. Ta tare musu hanya da sanda kamar masu makara a makaranta. Ina ji tana cewa, "Wace ce amaryar? Ke? Kin iya rawar da za ki yi ranar bikin, ko tattake wa yaron mutane ƙafa za ki yi?" Amaryar, Marisol sunanta, 'yar Houston, ta rufe fuska ta ce gaskiya abin da ke hana ta barci ke nan. Madam ta nuna ni ta ce, "Ga wancan tsohon yana tsaye a banza duk bayan kiɗa ɗaya. Ku shiga."

Tabɗi! Yaya, an taka ni ranar. Amma kafin awa ta cika Marisol ta kama ƙirgen, ƙawayen na ta shewa. Shonda ta rubuta tara.

Jiya ce ranar ƙarshe. Suka dawo, sun jawo wasu samari, har da mai cewa in ƙaro biyu, Dashawn sunansa. Wasu mata da miji suka shigo da goyo a ƙirjin mijin, wai tun da suka haihu ba su yi rawa ba. Na jera su, Madam na zaune tana buga sanda a ƙasa tana tsawa, "Kai mai jar riga, ka daina kallon ƙafarka, ba guduwa za ta yi ba!" Ni kuwa idona na kan ƙofa. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, goma sha tara. Saura minti goma, ba mai shigowa.

Madam ma ta ƙirga, ai sana'arta ce. Ta ɗaga murya ta ce, "Ke mai takarda, tun ɗazu ƙafarki ke motsi. Shekara arba'in ina koyar da lissafi, sha tara da ɗaya nawa ne?" Sai Shonda ta ajiye takardar a kan kujera, ta cire takalma, ta kama hannun Dashawn. Zauren ya ɗauki tafi.

Kiɗa na kusa da ƙarshe na Madam ne. Muna juyawa na ce mata ta yafe mini, tun Janairu na san an canja jirgin na yi shiru, na bar ta ta zo cikin wannan hayaniya. Ta ce, "Clovis, kai fa yaro ne. Akwai abin da ke ɓuya wa tsofaffi a jirgi? Mai gyara mini ɗaki ta faɗa mini tun kafin a tara ku, har da maganar mutum ashirin. Na ce ko ba komai ba za a rubuta maka sifili ba." Ta ce kuma in bar ɓata fuska, don dama wannan ce tafiyarta ta ƙarshe. 'Ya'yanta sun sama mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi daga watan gobe, likita ya hana ta tafiya ita kaɗai. Ta ce, "Na gaji da jirgin da kowace shekara sai na tarar da kujera ɗaya babu mai ita a teburinmu. Gara na yi sallama da ruwa a inda yara ke gudu."

Kiɗa ya tsaya. Doka ta ce in raka ta kujera. Marisol na tsaye tana jiran nata, Shonda na gefena taku biyu, ga shi yanzu-yanzu aka cika ashirin ɗin da ƙyar. Makaɗa suka fara na ƙarshe. Yaya, ban saki hannunta ba. Ta ce, "Dokar fa?" Na ce ta ci gaba da ƙirga mini. Muka yi na biyu a jere, a hankali, yaran suka ja da baya suka ba mu fili. Ban san ina hawaye ba sai da ta ce in na jiƙa mata riga ni zan wanke.

Da safen nan na je wurin Shonda da kaina na ce na karya doka a gabanta, ta yi abin da ya dace. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Baba Clovis, ni ƙafata nake kallo, ban ga komai ba." An bar ni zuwa ƙarshen Agusta, in riƙa koya wa yara ƙarfe huɗu. Bayan nan sai abin da Allah ya yi.

Ɗazu na ga ɗanta ya zo ya ɗauke ta a keken tsofaffi. Ta hango ni daga nesa, ta ɗaga yatsu, ɗaya, biyu, uku, aka tura ta cikin mota.

Anjima za mu sake tashi. Ki aiko mini da ɗayan takalmin rawata, yana ƙarƙashin gado, waɗannan yaran sun gama da wanda ke ƙafata. Kujerar nan kuma ta falo, ki ce wa Ulysse ya zo ya ɗauka, na ba shi.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Clovis