Gayyata Ta Tafi Jan Igiya

Daren Asabar, tsakiyar kaka, Samaru

Yau ce ranar gayyar girbin dawata. Tun asuba matata Hajara ke tuƙa tuwo, samari sun cika gona.

Da hantsi sai ga Turawan jirgin ƙasa daga Sabon Gari, an ɗauko musu wani tarkace na gora da alawayyo mai fikafikai. Wai ƙungiya gare su ta masu shawagi a sama. Abin ba wuta, ba hayaƙi, sai an ja shi da igiya daga kan tudu kamar jakin da ya tirje. Suka nemi majiya ƙarfi. Kafin in waiga, gonata ba kowa. Har ƙanena Tanko ya yar da magirbi.

"Yaya, yanzu za mu dawo," in ji shi. Ga tuwon can ya sandare.

Magidanta da gemunsu suna ta gudu da igiya, don kawai wani ƙaton Bature ya yi wasan shaho! Ya kuwa tashi, ya yi ta lilo bisa ɗorawa tsit. Da zai sauka, duk faɗin ƙasar Zazzau bai ga wuri ba sai tsakiyar dawata. Ya fito yana dariya, da zangarniya maƙale a hularsa. Tafintansa ya ce in yi haƙuri, Asabar mai zuwa ni za a ɗora.

A ɗora ni! Iska zan zuba a rumbu?

Amma ba asarar dawar ce ta hana ni barci ba. Hajara ta rantse lokacin da abin ya bar ƙasa, kabbarata ta fi ta kowa ƙarfi. Wai tana cikin gida ta jiyo ni.