Amalanken da Na Yi da Akwatin Gawa Zai Kore Min Uwa Daga Gida

Goggo Hauwa'u, don girman Allah ki taimake ni kafin ranar Juma'a. Ranar ce mahaifiyata ta ce za ta ɗaure kayanta ta koma Kuru gidan yayanta, Kawu Hammawa, in dai ban fitar da wani amalanke daga gidanmu ba. Amalanke fa, Goggo, katako da taya huɗu. Na san za ki yi dariya, amma ki bari in kai ƙarshe.

Shekarata ashirin da huɗu. A unguwar Congo-Russia ta Jos muke, ni da Inna mu biyu, tun rasuwar Baba shekara uku da suka wuce. Da safe ina lodin kabeji da karas a kasuwar Farin Gada, bayan azahar in dawo in yi aikin katako a bayan ɗakinmu. Ba wanda ya koya min. Daga aji biyu na sakandare na bar makaranta, amma duk takardar da ta shigo hannuna sai na karanta ta, ko da ƙosai aka naɗo a ciki. Kafintancin ma daga wani tsohon littafi marar bango na fara shi, sai kuma bidiyo a waya. Yanzu ina yin kujerun tsuguno da benci da kantar kwanuka, har teburin madubi na taɓa yi wa wata amarya.

Matsalar ita ce wurin aikin. Teburina yana fili a bayan gida, wutar lantarki tana zaure, kayan aiki kuma suna ƙarƙashin gadona cikin buhu biyu. Kin san ruwan Jos, ba ya jiran kowa. Kafin in kwashe zarto da guduma da kurfi in yi sawu huɗu, na jiƙe sun jiƙe, washegari sai tsatsa. Ranar da aka yi ƙanƙara a watan Mayu injin hudana ya sha ruwa, bai ƙara tashi ba. Shi ne na ce wallahi sai na yi amalanke guda da zai ɗauke komai, in tura shi duk inda nake so.

Katako mai kyau kuwa ya fi ƙarfina. To akwai Oga Sylvanus, mai yin akwatunan gawa a bakin titinmu. Nakan tsaya in kalli yadda yake haɗa kusurwa, bai taɓa kora ta ba. Yana da wani akwati na maɗaci da ya shekara a shagonsa. Wasu ne suka sa ya yi wa mahaifinsu, sai 'ya'yan da ke Legas suka iso da nasu fari mai gilashi, aka bar masa wannan. Marigayin gajere ne ƙwarai, shi ya sa bai samu mai saye ba. Ba a taɓa sa kowa a ciki ba. Ki riƙe wannan, Goggo, ba a taɓa sa kowa ba. Na gyara masa rufin shagonsa da ke yoyo, ya ce in ɗauka.

Lokacin Inna ta je suna Kuru, kwana huɗu za ta yi. Niyyata in ɓaɓɓalle shi in fitar da falankai. Amma da na duba shi da kyau, babu ƙusa ko ɗaya a kusurwoyin, katako ne ya shige cikin katako kamar an sarƙe yatsun hannu biyu. Na ɗaga guduma na kasa saukewa. Me zai sa in rushe abin da ban iya yin irinsa ba? Sai na cire giciyen da ke kan murfin, na naɗe shi a tsumma mai tsabta na mayar wa Oga Sylvanus da mutunci. Na raba cikin gida uku: manyan kaya ta kafaɗa, kurfi da tef a tsakiya, ƙusoshi da gam ta ƙafa. Murfin ya zama teburi. Hannayen ɗaukar akwatin masu ruwan gwal na bar su, don sun fi komai daɗin riƙo. Farin yadin ciki ma na bar shi a gidan kurfi kada bakinsu ya dakushe. Tsakar gidanmu gangare ne, a kan dutse aka yi ginin, dole sai taya mai birki, kuma wurin 'yan gwangwan na samo huɗu na tsohon gadon asibiti. Goggo, da kin ga tafiyarsa! Da yatsa ɗaya nake tura shi, yana bin lungu ko bango ba ya taɓawa.

Inna ta dawo ta tarar da shi a zaure. Ta saki ƙullin kayanta, ta yi salati, ta koma titi ta tsaya. Sai da na rantse mata, na buɗe ta ga zarto da idonta, sannan ta shigo tana bin bango. Tun ranar ba ta bin zaure in yana nan, ta daina shanya a bayan gida, kuma da na fara tura shi sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa ta ƙure rediyo.

Sai ga Iya Mujidat, maƙwabciyarmu mai kayan miya, ƙawar Inna tun ba a haife ni ba. Ta hau ni da faɗa, rabi Hausa rabi Yarbanci, wai na kira wa gida mutuwa, wai ba ni da tarbiyya. Ni kuma bakina ya riga hankalina. Na ce mata tunda abin ya dame ta haka, ta kwanta in auna, in ya yi mata daidai sai in ajiye mata. A gaban Inna na faɗa. Na san ban kyauta ba. Kwana uku da yin haka jinin Iya Mujidat ya hau, aka kwantar da ita asibiti kwana biyu. Ta dawo, tana samun sauƙi. Matar da ta shekara goma tana shan maganin hawan jini fa! Amma yanzu duk layinmu an ce ni ne. Wata da ta ba ni aikin kantar kwanuka ta aiko wai in bar shi. Ran Lahadi Inna ta kira ni, ba ta ko ɗaga murya ba, ta ce ko amalanken ko ita, Juma'a.

Ban zauna haka ba, na yi tambaya. Limamin masallacinmu ya ce katako katako ne, ba ƙazanta a jikinsa, amma in bi uwa. Wannan na biyun ban tambaye shi ba. Oga Sylvanus ya yi dariya har da tari. Shi a kan murfin akwati yake cin abincin rana, amma ya ce shekara talatin matarsa, Madam Ekwutosi, ba ta taɓa barinsa ya shigo da ko guntun katakon shago gida ba, ko don hura wuta. Ke nan ba maganar Musulmi da Kirista ba ce.

Abin da ya hana ni sakat shi ne wannan. Da na yanka shi na yi kujera ban faɗa ba, da Inna ta zauna a kai tana tsintar shinkafa. Gadon da take kwana a kai, wa ya san ko rabin bishiyar akwatin wani aka yi da shi? Makara tana jingine a masallaci, kullum muna wuce ta sau biyar, ba wanda ya taɓa gudu. To ina tsoron yake zaune? A cikin katakon, ko a siffar, ko a sanin da mutum ya yi? Ina so in gane, ba gardama kawai nake ba. Kuma in na ƙona shi, ai na yarda ke nan ni na kwantar da Iya Mujidat, kuma ba ni ba ne. In kuma na ƙi, Inna za ta tafi, kuma ita ba ta maimaita magana. Ciwon gwiwa gare ta, ni nake dafa mata ruwan alwala. In ta tafi ban ma san me zan tura amalanken in je in yi ba.

Ki gaya min gaskiya, ko ba za ta yi min daɗi ba.

Mai Zarto, Congo-Russia, Jos

AMSA

Ɗana Mai Zarto,

Na yi dariyar, ba zan ɓoye maka ba. Akwatin gawa a kan tayoyin gadon asibiti, da hannayen gwal da farin yadi, sannan kana mamakin an tsorata! Amma da na kai wurin Juma'a sai na daina.

Bari in fara ba ka naka. Katakon nan ba ya kashe kowa. Ba kai ka sa wa Iya Mujidat ciwo ba, kuma masu cewa kai ne sun zalunce ka. Sana'ar Oga Sylvanus sana'a ce mai daraja, ya kuma yi maka kirki. Dabarar amalanken ma mai kyau ce, mai aiki a fili a garin ruwa yana buƙatarsa. Ko Innarka, da ita ta rubuto min, da na ce mata barin gida ya yi nauyi a kan katako.

Ka tambaya ina tsoron yake zaune. Amsar tana cikin wasiƙarka. Giciyen da ka cire, ƙarfe biyu ne aka gitta. Me ya sa ka naɗe shi a tsumma mai tsabta ba ka jefa shi cikin ƙusoshi ba? Kusurwar da ka kasa sara, ai ita ma katako ce. Kai ka dubi akwatin ka ga gwaninta, hannunka ya ƙi. Inna ta dube shi ta ga wani abu dabam, ƙafarta ta ƙi. Siffa tana yi wa mutum magana kafin ya yi tunani, kuma kowa abin da ya wuce a rayuwarsa yake ji. Makara an san wurinta, an san ranarta. Zauren gidan mace ba wurinta ba ne.

Ka tambayi liman, ka tambayi Oga Sylvanus, ka tambaye ni da ban taɓa ganinka ba. Ban ga inda ka tambayi Inna ba. Matar da ta rasa miji shekara uku kacal, ta dawo daga suna ta tarar da wannan a ƙofar da aka fitar da gawarsa. Ban san abin da take ji in tayoyin nan suna gurgura a siminti ba, har take ƙure rediyo. Kai ma ba ka sani ba. Kai mai son sanin komai ne, to ga abin da ya fi cancanta ka sani. Ka zauna ƙasa ka tambaye ta, ka kuma kame bakinka har ta gama, ko ta yi shiru mai tsawo.

Kada ka jira Juma'a. Yau ka kwashe kayan aikinka, ka lulluɓe amalanken, ka tura shi shagon Oga Sylvanus. Ba ƙonawa na ce ba. Daga nan ka wuce gidan Iya Mujidat ka durƙusa. Ba haƙurin ciwonta za ka bayar ba, haƙurin maganarka ne, domin sa'ar uwarka ce kuma ka yi mata fatan mutuwa a gaban ƙawarta. Kada kalmar "amma" ta fito daga bakinka. Ina kyautata zaton rabin fushin Inna a nan yake, kunyar da ka ba ta.

Bayan haka ka roƙi Oga Sylvanus ya nuna maka yadda ake kwance haɗin nan ba tare da an fasa ba, da yadda ake yin sa. Shi ne dama abin da ya ja ka. Ka sake ginin amalanken da kusurwa huɗu daidai, gajere, mai tsayi zuwa ƙugu, nauyi a ƙasa don kada ya kife a gangare. Ka mayar da hannayen da yadin, ka goge sheƙin da sanfefa, ka shafa masa fenti. In ƙarar tayoyin ce ke damunta, ka sa na baro, guntun katako ya ishe ka birki.

Amma kafin ya sake shiga gidan, ka gaya mata gaskiya cewa katakon nan ne dai. Kada ka yi mata wayo. In ta yarda, madalla. In ta ce a'a, kada ka nemi dalili. Ka bar wa Oga Sylvanus shi ya yi aiki da shi, kai ka yi wani da katakon malaina mai araha a hankali. A lokacin hannunka ya riga ya iya, kuma wannan ba mai fitar maka da shi daga gida.

Allah ya huci zuciyar Inna, ya ƙara wa Iya Mujidat lafiya, ya yi wa hannunka albarka, ya kuma koya wa harshenka jira. Ina fatan Juma'ar nan ta same ku ku biyu a gida.

Taka,
Goggo Hauwa'u