Garin Katakon Keji Na Bakwai

Litinin, 3 ga Maris
Yau shekara huɗu da wata biyu rabona da gida. Inna har yanzu cewa take likita nake. Ɓeraye nake kiwo a ɗakin gwaje-gwaje, Inna. Ɓerayen da aka cire wa ƙwayar halittar da ke sa hanji ya gaya wa jiki an ƙoshi. Ci suke ba tsayawa.

Laraba, 5 ga Maris
Ranar ɗibar jini. Ƙa'ida ita ce a hana su abinci awa shida, a kuma sauya garin katakon da ke ƙasan keji, don ɓera yana ɓoye guntun abinci a ciki. Na cire abincin. Garin katakon kuwa, daga keji na bakwai zuwa ƙarshe na ƙyale. Bayana na ciwo. Na ce wa zai sani?

Litinin, 10 ga Maris
Jinin ya sani. Dakta, shugabar gwajin, ta ce sakamakon kamar na ɓerayen da suka dawo daga walima, aikinta na wata takwas ya tashi a banza. Masifaffiya ce, amma wannan karon tana da gaskiya.

Talata, 11 ga Maris
Zargi ya faɗa kan Baba, tsohuwar da ke wankin keji. Sun ce tausayinta ya yi yawa, ita ta ba su abinci. Juma'a za a sallame ta. Na gyara safar hannuna, na ci gaba da aiki.

Laraba, 12 ga Maris
Baba ta raba burodinta biyu ta miƙo min rabi. "Ɗana, ka rame. Ko kai ma azumin gwaji aka sa ka?" Na karɓa na sa a aljihu.

Alhamis, 13 ga Maris
Ban rubuta komai ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Na shiga ofishin Dakta na faɗa mata gaskiya. Ba jarunta ba ce, gajiya ce kawai. Ta tambaya daga wane keji. Ta ba ni takardar gargaɗi, an hana ni taɓa allura wata uku. Baba tana bakin famfonta. Yau dai ba burodi.

Na sauya garin katakon duka, har na kejin da babu kowa.

Abin da na iya cetowa: kwalaben jini shida cikin ashirin da huɗu, da aikin tsohuwa ɗaya.